Ƙofar Gwaggo Hajjo Daga Sama

Shitu ya gaji da ɗaukar hoto tun kafin jirgin nan ya shigo sana'ar. Shekara da shekaru yana bin biki da suna da kyamara a kafaɗa, har kafaɗar dama ta sauka ta bar ta hagu a sama. Da Suhaibu ya dawo daga Lome da duron, wato ɗan jirgin nan mai fiffike huɗu da ke ɗaukar hoto daga sama, sai suka haɗa aiki. Suhaibu ke tuƙi, Shitu ke nemo masu biki ya kuma haɗa fim a tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfutarsa. Ba wata abota ba ce tsakaninsu. Kowa na da abin da ɗayan ba shi da shi, shi ke nan.

Aikin wannan karon na mutanen unguwarsu ne. Tun da aka rushe unguwar tasu, Zanguwetin, aka watsa su bayan gari, sun riƙe wata al'ada guda. Lahadin farko bayan ƙaramar salla sai su dawo ɓangaren filin da ba a gina ba tukuna, su yi addu'a a inda masallaci yake a da. In an gama, kowane gida ya taka ya je ya tsaya daidai inda ƙofarsa take, a cikin ciyawa da ɓaraguzai, liman ya ɗaga murya a shafa fatiha, a watse. Ba wanda ya tuna wa ya fara. Bana kuwa an kewaye gefen filin da kwano, an ce injina na zuwa, don haka kowa ya san wannan ce tsayuwar ƙarshe. Alhaji Aliyu Sani, shugaban ƙungiyar tsofaffin 'yan unguwa, shi ya ce a ɗauki taron daga sama.

Ana jibi taron, Gwaggo Hajjo ta aika a kira Shitu. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsa. Yanzu ƙafafu sun daina ɗaukarta, tana kwance a ɗaki, 'yarta Bara'atu ke juya ta. Ɗanta namiji ɗaya ne, Abdulhafiz, kuma rabon da ta yi masa magana tun lokacin rusau. Shi ne ya bi masu shafa jan fentin rusau gida gida yana yi musu tafinta, har ya kawo su ƙofar ubansa. Shi ya ce aiki ya samu, kuma ko ba shi gidan zai faɗi. Ita ta ce ta ji. Daga ranar ba ta ƙara ce masa komai ba, shi ma da yake jininta ne bai ƙara zuwa ba. Yana nan unguwar Wemtenga da shagon kayan moto, wato babur, tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba.

"Bara ka ce min ya je tsayuwa," in ji ta, ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba.

"Haka aka ce min, Gwaggo."

"Ƙarya. Kai ka ce da shuɗiyar riga ya je, Bara'atu ta ce fara. Ko haɗa baki ba ku iya ba."

Shitu ya sunkuyar da kai. Gaskiyarta. Duk shekara suna ce mata ya je don ta ci abinci, alhali ba wanda ya taɓa ganinsa a filin.

"An ce kana da abin da ke gani daga sama. Bana da idona zan gani. In ya tsaya a ƙofar ubansa, zan aika a kira shi. In bai tsaya ba, ranar da na mutu kada ya taɓa makarata. Ka ji da kunnenka."

"To ai ba sai jirgi ba. Sai in tsaya kusa in ɗauko miki a waya."

"Ka tsai da shi a gefen kowane juji ka ce min ƙofarmu ce? Daga sama nake so. In ga masallaci, in ga lungun Habi mai masa, in bi gida gida da kaina. Kuma in ka kuskura ka gaya masa, ko ka gaya wa wani ya kai masa, ban yafe tuwon da na ba ka ba."

Ya fito yana jin kamar an ɗora masa buhun siminti. Shekarunsa hamsin da wani abu, har yanzu tsohuwar nan in ta yi magana ba ya iya musa mata.

Ranar Lahadi zafi ya sauko tun da safe. Filin na kusa da filin jirgin sama, ga halin da ƙasa ke ciki, don haka izinin da Shitu ya samo bayan ya sha zarya na tashi ɗaya ne tak. Aka haɗa su da wani jandarma ya tsaya a kansu can ƙarshen filin, nesa da jama'a. Batir kuma ɗaya ne mai kyau. Ɗayan zafi ya kumbura shi kamar burodi, Suhaibu ba ya yarda ya tashi da shi.

Suhaibu ya tsuguna ya buɗe jaka, ya maƙala waya a telekomand, abin da ake tuƙa jirgin da shi, ya shiga wurin saiti yana fito da baki.

"Me ka sa?" in ji Shitu.

"Abin da muka saba. Dubu da tamanin, hoto sittin."

"Mai da shi 4K. Ashirin da biyar."

Suhaibu ya ɗago. "Purkuwa? Don me, Malam Shitu? Alhaji ralanti ya ce, hoto mai tafiya a hankali. A gabanka ya faɗa. Yana son tsofaffi suna tafiya a hankali, babbar riga na kaɗawa, mata na share hawaye, a sa waƙar bege a ƙasa. Da ashirin da biyar in ka ja shi a hankali sai ya riƙa tsalle kamar mai langa da ƙafa ɗaya."

Jirgin Suhaibu tsohon yayi ne, ba ya haɗa abu biyu. In ka ce ya cika hoton ya yi girma, wanda suke kira 4K, za ka iya jawo kusurwa guda kusa ba ta farfashe ba, amma hoto ashirin da biyar ko talatin kawai zai ɗauka a daƙiƙa. In ka ce sittin, motsi zai yi laushi, a ja shi a hankali mutane su yi kamar suna tafiya cikin ruwa, amma girman zai faɗo zuwa dubu da tamanin, kashi ɗaya cikin huɗu. A biki ba wanda ya damu, tunda a waya ake kallo, a tura wa dangi Kumasi da Yamai. Yau kuwa Shitu mutum ɗaya yake nema a cikin fili guda, kuma ya san daga can sama, a dubu da tamanin, mutum da kututture duk ɗaya ne.

"Ba tseren keke za mu ɗauka ba," in ji shi. "Tsofaffi ne a tsaye. Ashirin da biyar ya ishe su har ya yi saura. Za ka hau sama, ka haɗa masallaci da lungun gabas cikin hoto ɗaya, ka tsaya cak har batir ya ƙare."

"In tsaya? Kamar kyamarar bakin banki?"

"Kamar ita."

Suhaibu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Bon, to. Mu raba. In fara ƙasa ƙasa da sittin lokacin da suke takawa, in sun tsaya in hau, in canza, ka samu naka."

Maganar ba ta banza ba ce, Shitu ya sani. Amma kafin a tsai da ɗauka, a shiga saiti, a hau, rabin batir ya tafi. Kuma ya san taubashinsa. In ma Abdulhafiz ya zo, ba zai zo lokacin da kowa ke zuwa ba, kuma ba zai daɗe ba. Ko a farko, ko a ƙarshe, ko tsakiya, Allah kaɗai ya sani. Sai dai ba shi da bakin da zai yi bayani, tsohuwa ta ɗaure shi.

"Ba rabi," ya ce.

"To gaya min dalili."

"Ba dalili. Haka nake so."

"Jirgina ne fa."

"Izinin da sunana yake. In ba 4K ba, yanzu in ce wa wannan bawan Allah mun fasa, kowa ya tafi gida."

Jandarman yana gefe a inuwar kwano yana shan zom-kom, ruwan garin gero, a leda, ko kallonsu bai yi ba. Suhaibu ya daɗe yana duban Shitu, sannan ya danna abin da aka ce da ƙarfi kamar zai huda wayar.

"Wala, ga shi nan. 4K, ashirin da biyar. Ordinatarka ma ba za ta iya jan sa ba, sai ta yi hayaƙi. Kuma Alhaji kai za ka amsa masa, ni babu ruwana. Tsufa ne ya fara taɓa ka, Malam Shitu, wallahi."

"Ya daɗe da taɓa ni. Tashi da shi."

Jirgin ya ɗaga da kukansa na ƙudan zuma. Can nesa an gama addu'a, jama'a sun fara bazuwa cikin filin, fararen riguna da mayafai kala kala. Shitu ya leƙa ta kafaɗar Suhaibu, rana na dukan fuskar wayar, da ƙyar ake ganin komai.

"Ƙara sama. Ƙara. Matsa gabas kaɗan."

"Se bon, ya isa," in ji jandarma, bai ko ɗaga kai sosai ba. "Kada ya wuce nan."

Nan jirgin ya tsaya. Suhaibu ya riƙe telekomand bai motsa yatsa ba, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. A ƙasa abubuwan da ya so ɗauka suna ta wucewa: wani tsoho da jikoki biyu suka riƙe yana nuna ƙasa da sanda, wasu mata sun rungume juna. A wayar kuwa ƙwayoyin shinkafa ne kawai aka watsa a faranti. Shitu ya ƙura ido har hawaye suka zo, bai gane kowa ba. Aka shafa fatiha, shinkafar ta fara gangarowa bakin titi. Telekomand ya fara kuka.

"Batir."

"Bar shi."

"Zai faɗo a kan mutane!"

"Mutane sun tafi. Bar shi."

Bai bar shi don Shitu ba. Jirgin ne da kansa, da ya ga ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, ya juya ya kamo hanyar gida. Suhaibu ya cafe shi, ya zare katin ya miƙa wa Shitu ba tare da ya dube shi ba, ya ce bikin Asabar mai zuwa a nemi wani matuƙin. Alhaji Aliyu Sani ya ƙaraso yana sharce gumi yana tambaya ko an samu lokacin da ya ɗaga hannu sama. Shitu ya ce an samu kowa da kowa. Bai yi ƙarya ba.

A gida wuta ta ɗauke kafin ya zauna. Da ta dawo bayan azahar, ordinatar ta yi abin da Suhaibu ya faɗa, ta riƙa nishi tana tafiya tana tsayawa. Ya jawo lungun gabas kusa. Hoton bai fashe ba, har zanen hula ana gani, sai dai hula ce kawai. Daga sama ba fuska. Wannan bai taɓa zo masa a rai ba, shi da ya tsufa a sana'ar. A inda yake zaton ƙofarsu ce ya ga maza uku da wata mata da laima, bai san ko ɗaya ba. Ya bi fim ɗin har ƙarshe yana kallonsu, suka shafa suka tafi.

Ya ɓata da Suhaibu, gobe zai ɓata da Alhaji, kuma abin da zai kai wa tsohuwa huluna ne. Ya so ya kwanta. Amma ya san tana can ta hana kowa sakat, sai ya naɗe wayoyi ya ɗaure ordinatar a bayan moto.

Bara'atu ba ta je filin ba saboda jinya. Ita ta taimaka aka jingina Gwaggo da matasai, aka jawo tele, wato talabijin, har bakin gado, Shitu ya haɗa.

"Gwaggo, tun yanzu in gaya miki, ba a ganin fuska."

"Na tambaye ka? Kunna."

Filin ya cika tele. Ta daɗe tana kallo, bakinta na motsi.

"Wancan taron masallaci ne. To. Sauko. Ba nan ba, hagu. Wannan mai jan mayafi da tulin yara zuriyar Habi ce, su kaɗai ke zuwa kamar an buɗe makaranta. Jawo. Na kusa da su gidan Zulkifli mai goro. Sai gidan wanzamai."

"Sai namu," in ji Shitu, ya nuna maza ukun da mai laima.

"Kai dai anya a gidan ka tashi? Waɗannan 'ya'yan mahauta ne. Ka manta da kwatar da ke tsakani? Namu na gaba."

Ya matsa hoton. Na gaba ba kowa. Jar ƙasa, ciyawa, da wata baƙar leda da iska ke kaɗawa.

Fim ɗin na tafiya, ordinatar na nishi, fanka na juya iska mai zafi. Mutanen gefe suka ɗaga hannu, suka shafa, suka fara ficewa daga hoton. Ƙofar tana nan wayam. Bara'atu ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Shitu ya kai hannu zai kashe.

"Na ce ka kashe?"

Ya janye hannun.

Filin ya kusa zama fayau lokacin da wani mutum ya shigo daga ƙasan hoton, ta wajen kwanon da aka kewaye, ba ta inda jama'a suka bi ba. Riga mai ruwan toka, hula baƙa. Yana tafiya da sauri kamar wanda ya bar shago a buɗe. Bai yi dube-dube ba, ya zo daidai wurin ledar nan ya tsaya. Shitu ya ƙara jawowa har iyakar abin da hoton zai bayar.

Mutumin ya tsaya jim. Sai ya cire takalmansa, ya jera su gefe guda, ana ganinsu sarai, biyu, a kan jar ƙasa. Ya taka cikin ciyawar ba takalmi, ya miƙe gaba, ya kewaye wani abu da babu shi, ya karya hagu. Nan ya cire hula ya tsuguna, kansa a ƙasa, irin tsugunon gaisuwa. Yana nan tsugune hoton ya karkata, sama ta shigo, kwano ya wuce, sai fuskar Suhaibu a murtuke.

"Rijiya ya kewaye," in ji Bara'atu a hankali.

"Ɗakina ne nan," in ji Gwaggo Hajjo. "Mai da baya."

Ya mayar. Ta sake kallo. Ta ce ya tsayar a inda aka cire hula, ya tsayar. Ta matso da fuska har numfashinta na taɓa gilashin.

"Ya yi sanƙo. Ba wanda ya gaya min ya yi sanƙo."

"Ya daɗe, Gwaggo."

"Ku da kuke kawo min labarin riga." Ta koma kan matasai, ta rufe ido. Shitu ya ɗauka barci ne zai ɗauke ta, ya fara zare wayoyi a hankali.

"Je ka kawo shi."

"Yanzu? Gwaggo, tun safe ruwa kawai na sha. Gobe da sassafe..."

"Wa ya ba ka gobe? Bara'atu za ta zuba muku in kun zo."

Ya bar ordinatar a nan. Daga bayan gari zuwa Wemtenga da yamma, ga cunkoso, ga hayaƙi, ga bayansa da ke ciwo tun tsayuwar safe. Ya tarar da Abdulhafiz a bakin shago cikin riga mai ruwan toka, yana ƙoƙarin raba wasu sarƙoƙin moto da suka harɗe.

"A'a, bawana," in ji Abdulhafiz, wasan taubasai da suka saba. "Yau ba a ba ka shinkafar biki ba ne ka zo da fuska haka?"

"Tashi. Ana kiranka."

"Wa?"

"Gwaggo."

Sarƙar ta tsaya a hannunsa. "Ta rasu?"

"Da ta rasu da na huta. Tana nan, ta ce in kawo ka."

Abdulhafiz ya ajiye sarƙar a kan benci, ya goge hannu a tsumma, ya sake gogewa. Ya tashi ya shigar da tayoyin da ke waje ɗaya bayan ɗaya, ya ja ƙofar ƙarfe. Kwaɗon ya ƙi shiga, sai da Shitu ya karɓa ya kulle masa. Ya nufi motarsa mai ƙafa biyu, ya tsaya, ya dawo.

"Ba zan iya tuƙi ba. Ɗauke ni."

Shitu ya dubi tayarsa ta baya, ya dubi tumbin taubashinsa, ya yi tsaki.

"Hau. In ta fashe a hanya, kai za ka tura."